Zuciyar Rabi a cikin faranti

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Ilu, taubashina, ya faɗi a gonarsa ta Guna, hauya a hannu. Ƙato ne, ko mura bai cika yi ba. Ya sha fura, ya zage ni, ya duƙa, bai tashi ba. Bayan shekara huɗu ɗansa Habu ya faɗi a filin ƙwallo. Saura 'yarsa Rabi, kuma ita ma ta soma suma.

Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, saboda haka ni ne masanin gidan. Da ni aka kai Rabi asibiti a Yamai. Lokotoro ya ce bugun zuciyar ne ke rikicewa, kuma gado ne. Na ce Ilu bai bar ko akuya ba, ashe ga abin da ya ajiye wa yara.

Aka ɗebi jininta aka aika waje. Wai a can suna lallashin ƙwayoyin jinin har su mance su jini ne, su koma naman zuciya. Bana lokotoron ya turo hoto mai motsi a waya: ɗan abu a faranti yana bal-bal, ya yi tuntuɓe, ya ci gaba. A kansa suke gwada magunguna, don kada a gwada a kan yarinyar.

Da Ilu na nan, zai ce jininsa ya riga ni hawa jirgi. Zai kuma tambayi abin da na tambaya: an samu maganin? Ana nan ana dubawa. Rabi na shan ƙwayarta, an hana ta gudu, mu kuma ko kwano ya faɗi sai mu waiwaya mu ga tana tsaye.

Abin da ya rage na Ilu ke nan: dariyarsa a bakin Rabi, da wannan tuntuɓen.

Rannan na gyara zama na ce wa Hajara, uwar Rabi, ai mu ko cibiyar jariri binne ta muke yi. In sun gama, a maido mana naman mu sa shi a ƙasa yadda ya dace.

Ba ta ɗago daga wayar ba.

"Malam, biyu na ba ka ka binne. Wannan tana bugawa, ka ƙyale min ita."