Shafin da Inna Ta Sa Aka Yage

A gidanmu na Gyadi-Gyadi, da an idar da sallar isha'i sai mu zagaye murhun Inna Delu, mahaifiyar babanmu. Garwashin tuwon dare bai gama mutuwa ba, ita kuma tana gasa mana gyaɗa a kai tana ba da labari. Babanmu marubuci ne. Yana da ɗan shago a Tarauni da tsohon injin buga littafi, inda yake buga nasa da na matasan da manyan kamfanoni suka ƙi kulawa. A zamanin soja an taɓa tsare shi mako biyu saboda wata ƙasida, ya fito ya rage surutu.

Akwai labarin da Inna ta fi so. Wani dagaci ne ya sa aka haƙa rijiya, ruwanta ya fito da ɗaci. Ya ce duk wanda aka tambaya ya ce ruwan garɗi gare shi. Kowa ya bi, sai wata tsohuwa da ta kurɓa ta tofar, ta ce, "Wannan ai maɗaci ne." Aka kore ta daga garin. Ta zauna a gindin wata tsamiya har ta rasu, mutanen garin kuma suka ci gaba da shan ruwansu suna yabawa. Nan Inna take tsayawa, ta ce mu tashi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina aji shida, Baba ya rubuta labarin nan ya buga. Ya kawo littafin gida da murna, ya ce in karanta wa Inna, tunda ita ba ta yi boko ba. Ina karantawa tana gyaɗa kai, har na iso inda dagaci ya yi nadama, ya aika aka dawo da tsohuwar a kan doki.

Inna ta ajiye muciyar da take juya gyaɗa da ita. "Wa ya dawo da ita?"

Baba ya ce, "Inna, zamani ya canja. Mutane sun sha wuya, suna son su ji abu ya ƙare da daɗi. Kuma yara ne za su karanta."

"Yaran da nake ba wa shekara da shekaru? Kai ma a nan ka ji shi, me ya same ka? Matar nan ba wanda ya je nemanta. In ka dawo da ita, kai ma ka sha ruwan ka ce da garɗi."

Washegari Baba ya sake buga shafin ƙarshe. Kwana uku mu da Mama muna yage tsohon shafi, muna manna sabo da ƙullun rogo.

Yanzu ni ke riƙe da shagon. Na daɗe ina ganin Inna ta matsa wa Baba, don shi ma ba da mugun nufi ya yi ba. Sai bara wani magidanci, malamin makaranta daga Daurawa, ya shigo buga takardun jarrabawa. Da ya ji ’yar wane ce ni, ya ce ya karanta littafin nan yana yaro, har ya yi jifa da shi don haushi.

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

Ya ce, "A'a, Hajiya, ba da ku nake ba. Mutanen garin nan ne har yau ban yafe musu ba."