Dattijon da Ya Zo Karɓar Kwamfuta

Edita, lokacin da wannan abu ya same ni, ni matashi ne ɗan Dingyaɗi, ban daɗe da samun aikin kula da ɗakin na'urori a wata babbar makaranta a Sakkwato ba. Ƙarshen mulkin farar hula ne, zamanin tsuke bakin aljihu, kullum sai ka ji an sallami wane daga aiki. Ni kaɗai ne mai albashi a gidanmu, saboda haka na riƙe aikin nan da hannu bibbiyu.

Makarantar ta shirya taron masana kan tsaron kwamfuta, abin da a wancan lokaci ko cikin malamai ba kowa ya san kansa ba. Aka ce a gefen babban taron a yi ƙananan bita, ɗaya a Bodinga, domin ma'aikatan Bodinga da Shagari da ake sa ran kawo wa ofisoshinsu na'ura. Da yake ni ɗan yankin ne, aka ɗora mini. Ni na nemo ɗaki, na aro bencina, na yi hayar janareta, na bi mutane ofis-ofis ina gayyata. Aka damƙa mini ɗaya daga cikin 'yan kwamfutocin da makarantar ta mallaka. Shugaban sashenmu ya dube ni ido cikin ido ya ce in ta ɓata, ba kora kaɗai ba, sai na kwana gidan yari.

Ana gobe bita, da la'asar na gama jera kaya, sai ga mota ta tsaya. Wani dattijo ya fito, babbar riga da rawani, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi ɗan wane ne ni, da na faɗa ya ce ya san gidanmu, ya sa mini albarka. Sannan ya ce shugaba ne ya aiko shi, an mayar da bitar Shagari, zai wuce da na'urar. Zuciyata ta ce in nemi shaida. Amma ta yaya zan dubi mai furfura, sa'an kakana, in ce ya nuna mini takarda? A wurinmu kamar ka kira shi maƙaryaci ne. Da hannuna na ɗauka na sa masa a mota, har na ƙara masa da kalmar sirrin buɗe ta.

Sai da motar ta ɓace na tuna ko sunansa ban tambaya ba. Nan take na shiga motar haya zuwa Shagari, babu wanda ya san da wata bita. Na tambayi teloli a bakin kasuwa, na tambayi masu ɗinkin buhun albasa, har garin Lambara na leƙa, shiru. Na koma gida, ko tuwo na kasa kai wa baki. Mahaifina ya matsa mini, na kwashe komai na gaya masa, har da maganar gidan yari, alhali na san yana fama da hawan jini. Ya ce gobe zai bi ni ya roƙa a kama shi a madadina, tunda shi ya tsufa. Da asuba ya tashi alwala ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Na bar shi a asibiti hannun ƙannena, na nufi Bodinga in miƙa kaina. Ina shiga na tarar ɗaki cike, kwamfutar na kan tebur tana aiki, dattijon na zaune a gaba yana murmushi. Malamin da ke jagorantar bitar, wani baƙo daga kudu, yana bayani cewa shi da shugabanmu suka shirya, domin su nuna ɓarawon na'ura ba sai ya fasa ƙofa ba, kunya ma tana buɗe masa. Ashe dattijon tsohon direban makarantar ne da ya yi ritaya. Aka kira ni gaba, aka tafa, malamin ya dafa kafaɗata yana dariya. Na juya na fita, na koma asibiti wurin mahaifina.

Da shugaban ya ji abin da ya sami mahaifina, har gida ya zo dubiya ya ba da haƙuri, amma haƙurin bai mayar wa mahaifina da hannunsa ba. Abin da na koya shi ne, tambayar babba wa ya aiko shi ba rashin kunya ba ne, in an yi ta cikin ladabi. Ina kuma roƙon masu shirya irin wannan bita, kafin ku gwada darasi a kan mutum, ku tuna yana da waɗanda za su tsorata fiye da shi. Mahaifina ya yi shekaru a kwance, kuma har ya koma ga Allah bai gane cewa gwaji ne ba. Duk sanda na shiga ɗakinsa sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiyar, ya tambaye ni da harshensa mai nauyi ko sun sake ni.