Jinin da Ƙaho Bai Kai Gare Shi

Ni ba mai son tuna baya ba ne, babu abin daɗi da yawa a can. Amma ranar da jini ya zuba cikin kan matata, ko na so mantawa ba za ta mantu ba.

Tana sussukar gero a gidanmu na Safo, sai ta saki taɓarya ta dafe ƙeya. "Malam, kamar an sare ni da gatari," in ji ta. Na ba ta asfirin biyu, na kira wanzami ya kafa mata ƙaho ya janye mataccen jini. Tsohon ya taɓa wuyanta, ya ji shi a sandare kamar icce, ya mai da ƙahonsa cikin zabira. "Wanga jini ƙahona bai kai gare shi. Ku tafi Maradi." Zaginsa na yi. Har yau ina jin kunyar haɗa ido da shi.

Duk da haka na kai ta Maradi, a asibiti aka ɗauki hoton kanta. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce jijiya ce ta fashe a gefen ƙwaƙwalwa. Da na ambaci asfirin sai ta ajiye alƙalami. Ta ce cikin jini akwai wasu ƴan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke rugawa su liƙe ɓaraka kamar masu yaɓen rumbu, asfirin kuwa kashe masu hannu yake yi. Wato da hannuna na kori magina.

Kwana huɗu, matata ta sha kunu, har ta yi mani faɗa kan awakinta. Na ce to, mu koma gida.

"Ba inda za ta, Malam," in ji likitar. "Jijiya tana da shimfiɗa mai santsi daga ciki. Jinin da ya zuba ya fusata ta. Yanzu ne za ta iya tsukewa, ƴan ƙwayoyin nan su cunkushe hanya."

"To su masu gyara ne ko masu ɓarna?"

"Duka biyun."

Na ce a raina surutun ƴan boko ne. Ran na bakwai da hantsi, ina kallo bakin matata ya karkace, kofi ya suɓuce mata. Likitoci suka rufu a kanta da ƙarin ruwa da allurai. Ni kuwa na tsaya jikin bango ina salati, don abin da likitar nan ta faɗa ne ya zo, bai kauce ba. Bayan la'asar bakin ya miƙe. Ta dube ni ta ce, "Wa ya ba awakin ruwa?"

Duniya ba ta yi mani adalci ba, amma ranar na rusuna. Allah ya zuba ma'aikata cikin jikinmu ba mu san da su ba. Tun daga nan, in mai sani ya ce dakata, ko wanzami ne ko likita, sai in rufe bakina in dakata.