Shagon da Waya Ta Kai Gonar Masara

Ladan bai gama gyara murya ba muka bar Zariya, ni da wani abokina mai mota, motar da nake zargin ta girme ni. Injin markaɗe muka fita nema. Uwargida ce ta ga tallarsa a waya: wani shago a Makera ta Kaduna, mai shi ya rubuta cewa ƙarshen wata zai rufe don babu masu saye, saboda haka ya karya farashi. Tun daga ranar ban ƙara cin tuwo cikin kwanciyar hankali ba.

Hanya ba laifi, in ka cire tsadar mai. A Kawo muka karya. Ƙosan wajen ya rame har sai da na sa tabarau kafin na same shi a leda.

Muna haye gadar kogin Kaduna na danna taswirar da ke jikin tallar, baturiyar nan mai magana a cikin waya ta karɓi jagoranci. Ta wuce da mu Kakuri, ta ɗora mu kan hanyar Abuja, gidaje suka fara ƙarewa. Sai a Kakau ta ce mun iso. Muka fito. Gonar masara ce, kore shar, ko ƙusa ba a sayarwa.

Wata dattijuwa na gasa masara a bakin gonar, har da bencin baƙi.

"Ku ma injin ne? Sannunku. Jiya daga Kafanchan aka zo."

"Mama, ina shagon?"

"Ni dai masara na sani, Alhaji. A sa maku gishiri?"

Muka ci, don masarar ba ta yi mana laifi ba. Lambar shagon ta yi ta ƙara, ba a ɗauka. Abokina ne ya buɗa hoton tallar ya hango katangar tsohuwar masaƙar Kakuri a bayan injinan. Muka juya, muna tambayar masu keke, har muka dace.

Mai shagon Ibo ne, Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka haife shi. Yana zaune cikin injina sun yi ƙura, maƙwabcinsa mai walda na ta ƙara, wadda ko jirgi ya sauka ba za ka ji ba, balle waya. Na ba shi labarin Kakau. Ya dafe kai. Ashe ranar Lahadi ya haɗa tallar yana hutawa a gonar surukinsa. Waya ta tambayi inda shago yake, shi kuma ya danna inda yake zaune.

Nan take ya tsaya a ƙofar shago ya gyara taswirar, ya sayo mana lemo, ya dubi injinansa.

"Alhaji, ashe ba kasuwa ce ta mutu ba. Na fasa rufewa."

"Madalla, Oga. To, a ɗaure mini wancan."

"Za a ɗaure. Amma wancan farashin na mai rufewa ne."

Na yi ciniki har muryata ta dushe, bai rage ko sisi ba.

Da yamma muka shiga gida da inji a but ɗin mota, uwargida na murna, aljihuna na zaman makoki. Abin da na koya: mai talla ya tabbatar ƙafa za ta iya kai mutum ƙofarsa. Mai saye kuma, in ya ga gyara a kasuwar wani, ya bari sai an ɗora masa kaya a mota tukuna.