Ranar da motar Yaya ta ƙi tashi

Yayana ya rasu da hantsi a gidansa da ke unguwar Jega Magaji, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni ina Aliero, inda nake koyarwa. Da aka bugo mini waya na hau kabu-kabu na taho, na tarar har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na shiga na gan shi an lulluɓe da farin zane. Na tsaya ina jiran wani abu ya taso mini a ƙirji, bai taso ba. Na yi masa addu'a na fito.

Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, shi ke tsara komai. Ya ja ni gefe ya ce Inna tana Maiyama ba ta sani ba, kuma da hawan jinin nan nata ba za a faɗa mata ta waya ba. In je in ɗauko ta ta gan shi, tunda an sa jana'iza bayan azahar. Ya danƙa mini makullin motar mamacin.

Tsohuwar mota ce mai ruwan toka, wadda Yaya ke jigilar albasa da ita daga gona zuwa kasuwa. Ina buɗe ƙofa warin albasar ya tare ni. Na zauna, ƙafata ba ta kai ga kuloci ba, don ya fi ni tsawo. Na jawo kujerar gaba, na murɗa makulli. Inji ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa. Na sake, haka nan.

Na kunna fitila ta kama, na danna hon ya yi ƙara, har mutanen kan tabarma suka waiwayo. Ke nan batir lafiya lau yake. Duk da haka na buɗe gaban motar na kwance kawunan batirin, na kankare farar tsatsar da ta taru da bakin makulli, na mayar na ɗaure. Allurar mai tana nuna rabi, amma na san allurar tsohuwar mota tana ƙarya, sai na zagaya baya na girgiza ta, na ji fetur yana motsi a tanki. Na cire fulogi, na ga ya bushe ƙayau. Na roƙi wani maƙwabci ya murɗa makulli, na ga wuta tana fita shuɗiya. Na zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga su wajen haske, babu wanda ya ƙone.

Masu zuwa gaisuwa suna tarar da ni kaina a cikin inji. Su ce Allah ya jiƙansa, in ce amin ban ɗago ba. Wasu dattawa suka naɗe hannun riga suka tura ni har bakin kwalbati, motar ta yi tari ta mutu, suka sake turo ni baya. Kawu ya zo ya ce in bar ta haka, a aika tasha a ɗauko wata. Na ce to. Yana juyawa na durƙusa na kara kunne a tanki, na sa aka murɗa makulli. Famfon mai ba ya kuka ko kaɗan. Na tuna na ji daɗin gano wannan, kuma shi kaɗai ne abin da na ji tun safe.

Ina nan durƙushe yayar matar Yaya ta leƙo daga zaure ta ce ƙanwarta na kirana. Na sami matar Yaya zaune a ƙasa cikin mata, ta ja mayafi har goshi. Ashe tun ɗazu tana jin kukan injin daga ɗaki. Ba ta dube ni ba, ta yi magana a hankali.

"Sa hannu ƙarƙashin kujera, ta gefen dama, akwai ɗan makunni. Don ɓarayi ya sa aka yi shi. Kullum ya dawo sai ya kashe. Ran da ciwon ya kama shi ma, yana layi, sai da ya duƙa ya kashe."

Na ce na gode. Na koma wajen motar.

Na lalubo makunnin, an naɗe shi da baƙar roba. Na danna, na ji famfon ya yi ɗan zuuu a baya. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Ban tuna komai na hanyar Maiyama ba, sai ramuka da wata babbar mota da na daɗe ina bi a baya ban wuce ta ba. Da na isa na bar injin yana aiki, ina tsoron kashe shi. Inna tana tsakar gida tana shanya kuɓewa. Ta ji ƙarar motar, ta fito zaure tana murmushi, sai ta gan ni ni kaɗai. Ta dubi motar, ta dube ni.

"Ba ya ba kowa motarshi," ta ce.

Na ce eh, Inna. Ta yi salati, ta koma ciki, ta tattara kuɓewar ta rufe da faifai saboda kaji, ta ɗauko mayafi da takalmi. Ta shiga baya ta zauna a kan wani buhu da aka ninke.

Mun yi nisa kafin ta tambaye ni ko ya samu ya ci wani abu jiya. Na ce ban sani ba, ba na nan. Ta gyaɗa kai. Muka shiga Jega ana kiran azahar.