Usta Badamasi da Tankar da Ingila Ba Ta Ƙera Ba

Kullum da sassafe Usta Badamasi, babban makaniki, zai fito daga unguwar Arba wa Nus a Alƙahira, ya yi faɗansa da direban mikrobas, ƙaramar motar haya, kamar yadda suka saba, ya sauka a bakin wani gareji da ke ba 'yan fim hayar tsofaffin motocin yaƙi. Kafin ya taɓa sifana sai ya sha shayi, sannan ya zagaya tankarsa yana shafa ta kamar doki. A watan nan zai ajiye aiki. Idonsa ya mutu saura kaɗan, kuma abin ya dame ni.

Mahaifinsa Bahaushen Sudan ne da ya yi leburanci a garejin sojan Ingila a hamada lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi ya ba shi labarin tankoki uku da suka lalace wuri ɗaya: wannan injinta lafiya, waccan giyarta, ta ukun sarƙarta. Amma kowace daga kamfaninta daban, kayan wata ba ya shiga wata. Ana cikin jiran kayan gyara harin abokan gaba ya iso, ƙanen mahaifin, Habibu, da suke aiki tare a can, bai dawo ba.

"Da Turawan nan sun zauna sun yarda da tanka iri ɗaya," in ji Usta, "da ukun nan sun zama ɗaya mai tafiya, da Baffa Habibu ya ga jikokinsa. Amma kowa da nasa taurin kai."

Sai shi ma ya ɗauki nasa taurin kan. Ya roƙi Osama, mai garejin, ya bar masa gawarwakin tankoki uku da aka jibge a bayan fili, ya ce zai sasanta su. Shekara da shekaru yana yanka noti da hannunsa, yana goge ƙarfe har ya yarda ya zauna inda ba don shi aka yi ba. Abokan aiki suna tsokanarsa wai yana ɗaura aure tsakanin dangin da ba sa ga maciji. Shi kuwa sai ya ce, "Tamam, haka ne, ni ne waliyyi."

Kai ne Usta, mai sulhun ƙarfe. Kai ne ka gyara wa ɗalibanmu fanka da risho, ba ka taɓa cewa ba ka da lokaci ba.

Osama ya faɗa masa gaskiya: in tankar ta yi tafiya, 'yan fim za su so ta, a ajiye ta. In ba ta yi ba, 'yan gwangwan za su yanka ta. Makon jiya aka gwada, ina wurin. 'Yar Usta, Mahasin, ta riƙe masa hannu har gaban tankar, Osama ya shiga ciki. Inji ya tashi, ƙasa ta girgiza, har mun fara kabbara. Sai sarƙar hagu ta ɓalle ta zube.

"Mahasin, ta motsa?"

"Ba ta motsa ba, Baba. Sarƙa ce ta tsinke."

Ya durƙusa ya lalubi inda ta ɓalle, ya ce aikin sati ɗaya ne ga mai ido. Sannan ya yi 'yar dariya. "Ma'alish, ba komai. Su ma Turawan masu ita ba su iya ba." Babu wanda ya taya shi dariyar.

Usta, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan magabatanka. Ku kuma samarinmu masu aikin ƙarfe a Alƙahira, ku koyi irin wannan naci, kuma ku hanzarta, don 'yan gwangwan sun riga sun zo sun duba ta. Usta ya ce zai zauna kusa da duk wanda ya zo, ya riƙa gaya masa abin da zai yi. Ido kawai yake nema aro.