Ranar da Malam Yari Ya Ɗaga Hannu a Utaibiyya

Kafin ya zo Makka, Malam Yari ya yi shekara goma sha biyu yana koyar da darasin tsarin mulki a wata sakandare a Gusau. A nan kuwa fenti yake yi wa masaukan alhazai a unguwar Aziziyya, yana kwana a wani tsohon gida a unguwar Utaibiyya. Su goma sha biyar ne a ciki, duk kafilinsu ɗaya, wato Balaraben da ya tsaya musu suke aiki a ƙarƙashinsa.

Shugaban gidan Alhaji Abdulwasi'u ne. Su suka naɗa shi shekara tara da suka wuce, don ya fi kowa Larabci, ya riƙa kai kukansu wurin kafili. Sai ga shi bana ya amince a soke hutun kowa har bayan Hajji, bai tambayi ko mutum ɗaya ba. Ja'afar mai walda, wanda mahaifiyarsa ke kwance a Maraɗi, a bakin Mukhtaru direba ya ji.

Bayan sallar Juma'a ana cikin cin abinci, Yari ya tsame hannu.

"Alhaji, wani masani a Ingila, shekara ɗari uku da 'yan kai da suka wuce, ya rubuta cewa shugabanci amana ce da jama'a suka bayar da yardarsu. In aka ci amanar, suna da ikon karɓe abarsu."

Wani ya tashi ya rufe taga.

"Malam, siyasa za ka yi mana a garin nan?" in ji Abdulwasi'u. "Kalma ɗaya zan faɗa wa kafili, a buga maka huruj, bizar fita, ka koma Gusau."

Yari ya tuna Gusau. 'Ya'ya huɗu gare shi a gida, da iƙamar nan, takardar izinin zamansa a ƙasar, suke ci.

"Ban taɓa hukuma ba, Alhaji. Maganar gidan nan nake. Wanda ya yarda a sake zaɓe ya ɗaga hannu."

Nasa kaɗai ne a sama. Can sai Ja'afar ya ɗaga, miya na bin yatsunsa. Sai wasu shida, a hankali, kowa kansa a sunkuye.

Suka zaɓi Mukhtaru direba, na shekara ɗaya rak. Kafili ya ƙi maido da hutun, Ja'afar kaɗai ya sallama na sati biyu. Abdulwasi'u ya kwashe kayansa ya koma unguwar Zahir wurin ƙaninsa, Yari kuma ya kwana goma yana zabura duk sanda wayarsa ta yi ƙara. Ba wanda ya neme shi. Yanzu in sun haɗu da Abdulwasi'u a kasuwa sukan gaisa, amma ba sa tsayawa.